Amsar tambayarka kan zaɓen irin wake

Ɗana, na ga saƙonka, inda kake tambaya ko camfi ne al'adar gidanmu ta zaɓen irin wake da duban launin ƙwaya. Ina tuna kakarka a kan tabarma bayan sussuka, da faifai a cinyarta, tana tsince ƙwayoyi masu baƙin ido, ta cuɗa su da toka ta zuba a tulu ta liƙe bakin. Cewa take yi masu wannan ido sun fi girman ƙwaya. Ba camfi ba ne, lura ce ta shekaru, domin halayen shuka sukan yi tafiya tare daga iyaye zuwa 'ya'ya.

A 1923 wani masani a Amurka, Karl Sax, ya haɗa nau'o'in waken can, ya auna zuriyarsu, ya tarar nauyin ƙwaya yana bin launin ɓawonta. Daga nan tunanin ya samo tushe, cewa alamar da ido ke gani tana iya nuna inda ƙwayar gadon da ba a gani take zaune, wato ɗan abin da ke ɗauke da hali daga iyaye zuwa 'ya'ya. A 1989 Lander da Botstein suka fito da lissafin da ke bin zaren kiromosom, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a jikinsa, taki-taki tsakanin alamomin DNA, sinadarin da ke ɗauke da gado, yana auna ƙarfin shaidar cewa ƙwayar gadon halin tana a kowane wuri. Wakenmu yana da irin wannan zare tagwaye 11.

Sai dai a wannan lissafi hali ɗaya ake bi a lokaci guda, kuma a nan giɓin yake. Idan girman ƙwaya da jinkirin nuna suna zuwa tare, misali, dalili ɗaya ne cikin biyu: ko dai ƙwayar gado guda ce ke juya su duka, ko kuwa ƙwayoyin gado biyu ne maƙwabtan juna a jikin zaren, waɗanda kusanci ya sa da wuya su rabu. Idon manomi, komai kaifinsa, ba ya iya bambance waɗannan. A 1995 Jiang da Zeng suka nuna yadda za a sa halayen duka cikin lissafi ɗaya, tare da la'akari da dangantakar da ke tsakaninsu, wanda hakan kan ƙara ƙarfin gano wurin, ya kuma ba da damar gwada ko wuri ɗaya ne ko biyu.

Wannan gwajin shi ne ya fi damuna, saboda na ga shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, wake mai jinkiri ya bushe da furensa. In ƙwayoyin gadon maƙwabta ne, masu inganta iri, irin na cibiyar binciken noma ta Samaru, za su iya shuka zuriya mai yawa har su dace da tsiron da ya ɗauki girman ƙwaya ya bar jinkirin. In kuwa ƙwayar gado guda ce, sai a zaɓi wanda za a haƙura da shi, ko a nemi saurin nuna daga wani wurin dabam a jikin zaren.