Amsa ga ƙanwarmu kan ɗora WhatsApp ɗin maigida a wayarta

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ina so in amsa wa ƙanwarmu da ta ce wani mai gyaran waya ya yi mata tayin ɗora WhatsApp ɗin maigidanta a wayarta, ta riƙa ganin hirarsa ba tare da ya sani ba, take tambaya ko ta yarda.

Ƙanwata, don girman Allah kar ki kai masa wayar nan. Ba fa wani siddabaru zai yi ba. WhatsApp ne da kansa ya ba da damar a haɗa layi ɗaya da wasu na'urori har guda huɗu. A buɗe wayar mai layin, a haska lambar nan mai ɗigo-ɗigo (QR code) da ke fitowa a ɗaya na'urar, shi ke nan, ko minti biyu ba a yi. To tunda wayar mijinki tana hannunsa, me zai hana shi ya haɗa da tasa kwamfutar? Ke kina karantawa a ɗaki, shi ma yana karantawa a shago. Hotunan da kika tura wa mijinki, muryarki ta cikin dare, maganar kuɗinsa, rashin lafiyar surukarki, duk sun shiga hannun bare. Wallahi wannan ne ya fi tayar min da hankali, domin ranar da ya ce ki ba shi kuɗi ko ya watsa, wa za ki kai wa kuka?

Sannan Allah Ya hana mu binciken asirin juna, yana nan a Suratul Hujurati aya ta 12. A Bukhari kuma, hadisin Ibn Abbas, wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar ƙiyama. Ko a dokar Najeriya, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin hirar waya.

Na san zargi yana da ciwo, ba na raina abin da kike ji. Ki zaunar da mijinki ki tambaye shi ido da ido, in ya gagara ki sa waliyyinki a ciki.

Mu kuma sauran, kowa ta shiga wurin da aka rubuta Linked devices (na'urorin da aka haɗa) a WhatsApp ɗinta yanzun nan. In kin ga na'urar da ba ki sani ba, ki cire ta, ki sa wa wayarki makulli.