Amsar da aka turo guruf kan fentin benci da shingen katako

Assalamu alaikum jama'ar guruf. To ƙanena, na saurari muryarka, na kuma ga hotunan bencin ƙofar gida da shingen katakon da ka zagaye lambu da shi. Kana tambaya wane fenti ya fi ƙarko, na wane kamfani za ka saya, tunda wanda aka shafa maka bara duk ya ɓare. Ni da na buɗe hoton ko fentin ban kalla ba, ƙafafun bencin na kalla. Je ka duba da idonka. Duka huɗun a kan ƙasa tsurarta suke zaune, sun yi baƙi tun daga gindi har wajen kamu ɗaya. Can ciwon yake. Ko daga Faransa ka yi odar fenti, muddin ƙafar nan na cikin ƙasa, damina ɗaya ta ishe shi.

Ka gane, katako ba ta fuska ya fi shan ruwa ba, ta baki yake sha, inda zarto ya yanke. Ka san yadda cikin rake yake idan ka gutsura, zare-zare a jere? To haka cikin itace yake, kuma ta waɗannan hanyoyin yake jan ruwa sama tun yana tsaye a daji. An sare shi an yanka, hanyoyin suna nan a buɗe. Ruwan sama ya kwanta a ƙofar gida, ƙafa ta zuƙa, ya hau ciki. Gari ya waye ranar Garwa ta fito ta gasa shi, danshin ya nemi hanyar fita, sai ya turo fentin daga ciki. Kumburin nan da ɓawon da kake gani yana tashi ke nan. Masu fentinmu kuma, Allah Ya shirye su, inda ido zai gani kawai suke shafawa. Kifa bencin ka gani, na tabbata ƙarƙashinsa buroshi bai taɓa bi ba.

Sannan wane katako ne ma? Don a hoton, inda ya ɓare, fari nake gani, kuma ina zargin ayus ne. Ayus ba abin banza ba ne, yana da araha, ba nauyi, kafinta na jin daɗin aikinsa, a yi silin da shi, a yi cikin kabad. Amma a waje? Gara ba ta da abincin da ya fi shi, ruwa ma ba ya raga masa. Na waje iroko ne, in aljihu zai ɗauka. Sapeli yana tsakiya, zai yi in ana kula da shi.

Ai ni wannan maganar har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani kafinta, ba zan kama suna ba don yana da 'yan'uwa a guruf ɗin nan, na ba shi aikin kujerun tsakar gida, muka yi ciniki a kan iroko, na biya kuɗin iroko cif. Ya kawo su jajur suna ƙyalli, kowa ya shigo sai ya ce Alhaji a ina ka samo. Ashe ayus ya samu ya turmusa masa jan kala, ya bi da werni, wato man ƙyallin katako. Ranar da asiri ya tonu, baƙo ne ya zauna, ƙafar baya ta lotsa, muka ɗaga sai ga ƙasa ja tana zuba daga ciki. Ƙafar ta zama kwanso, gara ta cinye cikin ta bar fatar werni a tsaye tana sheƙi. Na sa yatsa ya shige. Na ɗauki ƙafar a babur har shagonsa, wallahi mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce wai katakon kudu ai duk ɗaya ne, garar gidana ce ta yi yawa. Garar gidana! Wato ni na yi kiwonta. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuma har gobe in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu yana washe baki. To bar wannan. Abin da nake so ka ɗauka, in za ka karɓi aiki, ɗaga shi ka ji nauyi, ka danna farce a ƙarƙashi. Ayus farce na shiga. Ka sa wuƙa ka ɗan kankare inda ba a gani, in launin a sama ya tsaya ciki fari ne, ka san rini ne.

Wani abu kuma, katakon nan daga kurmin kudu da gabas yake zuwa, wani ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan tirela ta haura da shi Garwa, Marwa, har Kusiri da Njamena. Da danshinsa yake isowa. Ya zo nan iska busasshiya, sai ya tsuke, ya tsage, wani ya murɗe. In ka shafa fenti yana ɗanye ka rufe ruwa a ciki. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki iska ta ratsa, a ba shi makonni.

Na ji wani ɗan'uwa ya ce a shafa baƙin mai na gareji, an gama. Ban ce ba ya korar gara na ɗan lokaci ba, amma a benci? Mutum ya sha farar shadda ran Juma'a ya zauna, rana ta narko da man, wa zai biya? Kuma katakon da ya sha baƙin mai fenti ba ya ƙara kama shi, ya dinga tsattsafowa ke nan. Shingenka kuma lambu ya zagaye, ga rijiya kusa, man nan ƙasa zai bi. Ni ban ba ka shawararsa ba. Gindin dirka, iya abin da zai shiga rami da ɗan abin da ya haura sama da ƙasa, a babbaka shi a wuta ya yi baƙi, ko a shafe shi da kwalta. A zuba tsakuwa a gindin ramin don ruwa ya wuce, in za a sa siminti a yi masa tudu ya gangara waje, kada ya zama kwano. Kan dirkar kuma a yanke shi a karkace, ruwa ya zame. Da za ka samu giginya ko ƙirya ma da ka huta, dubi azarar tsofaffin gidajenmu. Amma saya za ka yi wurin masu sayarwa, kada ka shiga daji da gatari 'yan gandun daji su kama ka ka ce ni na aike ka.

Werni kuwa, mai ƙyallin nan da ake ganin katako ta ciki, na ɗaki ne. Hasken rana ratsa shi yake ya ƙona fuskar katakon da ke ƙarƙashi, sai ya tsattsage ya tashi. Fenti mai launi shi ke tare rana. Fentin mai za ka saya, ba na ruwa na bango ba, kuma launi mai haske, fari ko ruwan madara ko shuɗi mai haske. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu zafi suke ja, a watan Maris da Afirilu da muke wuce digiri 40 ko zama ba za ka iya ba.

Aikin kansa ba wuya. A kankare tsohon tas, a goge da takardar yashi mai lamba 80, a bi da 120. Yauwa, tsaya, nan akwai magana. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai gubar dalma a ciki, sai a 2017 Kamaru ta kafa dokar taƙaita ta. Naka na bara ne, amma in akwai tsohuwar ƙofa ko taga da za a haɗa, a yayyafa ruwa kafin a goge, mai aikin ya rufe hanci, yara su yi nisa, a share ƙurar a zubar. Bayan nan maganin gara, irin su Xylophène, a shayar da bakin yanka da mahaɗa sosai, a bari ya bushe. Shafin farko a ɗan tsinka shi da tina, man tsinka fenti, ya shiga jiki. Sai biyu a kai, sirara, kwana guda tsakani. Mai fenti zai so ya yi maka ɗaya mai kauri ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kada ka yarda, sama zai bushe ciki ya zauna ɗanye ya yamutse. Bakin ƙafa kuma a tsoma shi ma cikin fentin, sannan a buga masa guntun taya, ko a ɗora bencin a kan daɓen siminti.

Lokaci, ka yi a Oktoba da ruwa ya ɗauke. A'a, ba da ɗaukewar ba, katakon na jiƙe a lokacin. Ka ce ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazon hunturu ya yi ƙarfi, don a Disamba da Janairu ƙura ce za ta manne maka a ɗanyen fenti. Da safe, a inuwa, ba tsakar rana ba. Ƙusoshi ma a nemi waɗanda ba sa tsatsa, in ba haka ba jan hawaye zai dinga zubo maka a kan farin fenti. Akwai maganar hinjin ƙofar lambun ma, amma muryar ta yi tsawo, sai wani lokaci.

Lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafi guda, shafin farko ya fi sha. Ka auna tsawon shingen da tsayinsa ka turo, ka tuna fuska biyu ne, in lissafa maka gwangwani nawa za ka saya kafin mai fenti ya faɗa maka nasa lissafin.