Amsar Baffa kan tauraruwa mai wutsiya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambayi dalilin da ya sa tsofaffinmu ke cewa in tauraruwa mai wutsiya ta fito babban sarki zai faɗi ko a yi fari, har a tara hatsi a yi sadaka, da kuma inda take zuwa in ta ɓace.

Ban ga laifinsu ba. Shahararriya a cikin irin waɗannan taurari, wadda ake kira Halley, sai bayan kusan shekara 76 take dawowa. Wanda ya gan ta yana goye a bayan uwarsa, in ya sake ganinta to da sanda yake tafiya. Wa zai riƙe lissafin? Kuma a ƙasa mai faɗi, wace shekara ce ba a rasa wani sarki ko damina ta yi gardama a wani wuri? Sai a ɗora wa baƙuwa.

Ba ɓacewa take yi ba. Ita Halley rana take kewayawa, a kan doguwar hanya mai siffar ƙwai. In ta kusanto rana, zafi ya taso da ƙanƙarar jikinta, tururi da ƙura su fita, wutsiyar ke nan. Daga nan ta juya ta yi ta nisa tana rage gudu, wutsiya ta mutu, har ta kai ƙarshen zangonta can bayan Neftun, mafi nisa cikin duniyoyin da ke kewaya rana, nisan da ya ninka namu da rana sau 35. A wurin ko kilomita ɗaya ba ta ci a daƙiƙa, alhali kusa da rana tana haura 50. Shi ya sa mafi yawan shekarunta a can take ƙarar da su. Ta kai wannan zango a Disamban 2023, yanzu tana kan hanyar dawowa. An gan ta a 1910 da 1986, ana sa ranta a 2061. Edmond Halley na Ingila ne ya gano cewa ta 1531 da 1607 da 1682 guda ce, ya ce za ta dawo wajen 1758. Ta dawo, shi kuwa ya riga ya mutu tun 1742.

Sadaka dai ka yi, ba ta da lokaci. Amma danganta tauraruwar da mutuwar wani kam a'a. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce don shi ne, Annabi ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar kowa ko rayuwarsa.

Ka gaishe min da mahaifiyarka.