Mota ta zo, ba a ga wuta ba: wa zai biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da ɗan gidan saukar baƙi a unguwar Domayo a nan Marwa. Ƙanena ya kawo mini na'urar nan mai kuka idan ta ji hayaƙi, muka maƙala ta a baranda daf da madafa. Cikin hunturun nan ta tashi da ihu da tsakar dare, wani baƙo ya firgita ya buga 118. 'Yan kwana-kwana suka zo suka duba ko'ina, ko tartsatsi babu, suka tafi. Yanzu maƙwabta suna ce mini in jira takardar kuɗin mai da na ruwa, wai kuma in aka sake, tara ce. Da gaske ne? Ko in cire ta in huta?

Wata Hajiya daga Marwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki cire ta.

'Yan kwana-kwanan Kamaru sojoji ne. Rundunarsu, wadda aka kafa a 1986, tana ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kuma albashinsu da motocinsu daga baitulmali suke fitowa. Kiran 118 kyauta ne, zuwa kashe gobara ma haka. Baƙonki bai yi laifin komai ba, ya ji ƙararrawa, ya zaci wuta, ya kira. In wani ya sallamo miki da zancen kuɗin mai da fatar baki, ki ce ya kawo takarda mai tambari, ki ɗauke ta da kanki ki je bariki ki tambayi shugabansu. Da wuya ki sake ganinsa.

Sai dai maganar maƙwabtanki ba daga iska ta faɗo ba. Akwai ƙasashen da ake biya. A Amurka galibi hukumar gari ce ke riƙe da 'yan kwana-kwana, kowane gari da tsarinsa, wasu ma har kuɗin shekara suke karɓa daga mazauna ƙauyukan da ke bayan iyakar garin. A 2010, a jihar Tenesi, an tsaya ana kallon gidan wani mutum yana ci har ya ƙone saboda bai biya dala 75 na shekarar ba. Duniya ta yi tir, ni ma har gobe ban ga hujjar da za ta wanke wannan ba. A Landan kuma, a 2014 aka fara aika takardar fam 290 ga ginin da ƙararrawarsa ta riƙa jawo mota a banza sau da yawa cikin shekara guda. A 2024 suka ƙara matsawa: da rana ba sa fita don kukan na'ura kawai a yawancin ofisoshi da shaguna, sai mutum ya tabbatar da bakinsa cewa akwai wuta. A Faransa ceto kyauta ne, amma wanda ya kira da gangan alhali ya san ƙarya yake yi, doka ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 2 da tarar yuro 30,000.

Abin lura shi ne, a can manyan gine-gine da yawa na'urarsu a haɗe take da cibiyar da ke tura mota, tana kuka saƙo ya tafi ko ba kowa a ginin. Taki mai batir ce, ba ta kiran kowa, masu barci kawai take tayarwa. Mu nan ciwonmu daban ne: jinkirin kira. Wuta za ta tashi a shago, a yi ta ɗibar ruwa da bokiti ana salati, kowa yana zaton wani ya kira, wani kuma yana tsoron irin takardar da aka tsorata ki da ita. Sai rufi ya rufta a tuna da 118, mota ta iso a yi mata ihu wai ta makara. Jita-jitar biyan kuɗi tana cikin abin da ke ƙona dukiyar mutane, shi ya sa nake so ki mayar wa maƙwabtanki wannan amsa.

Wannan ba ya nufin fitar banza ba ta da tsada. Motar kashe gobara irin wadda aka saba gani tana ɗaukar ruwa kamar lita 3,000, kuma tiyo guda yana iya zubar da lita 500 a minti ɗaya. Ki yi lissafi da kanki. Motocin ba su da yawa, kogin Mayo Kaliyawo na Marwa kuwa da rani yashi ne zalla. Motar da ta tafi Domayo a kan kukan ƙarya ba ta nan idan babbar kasuwa ta kama. Masu laifi na gaske su ne yaran da ke ɗaukar wayar uwarsu su buga lambar don wasa, da manyan banza masu gwada ko za a zo. Wannan aikin iyaye ne da Jauro, wato mai unguwa, da limaman unguwa.

Yanzu ga na'urarki, nan ne sana'ata, don na daɗe ina aikin wayar wuta a shagunan Garwa. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna da ɗan ɗaki mai duhu a ciki, da wani siririn haske da ido mai gadinsa. Hayaƙi in ya shiga sai ya warwatsa hasken, idon ya gani, ta yi kuka. Ita ba ta san bambancin hayaƙi da ƙura ba. Na taɓa buɗe wata a shagon mai atamfa bayan hunturu, na tarar da jar ƙura ta yi kauri a kan ragar, ga saƙar gizo, ga mataccen ƙwaro kwance daidai gaban idon. Mai shagon ya riga ya zare batir ya sa a tocila, wai ta cika surutu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kawo mana ƙura dare da rana, ke kuma kin sa ta a baranda buɗaɗɗe, kusa da murhu. Da ba ta yi kuka ba ai da na ce ta lalace.

Ki sa a mayar da ita cikin zauren da ke tsakanin ɗakunan kwana, a jikin silin, aƙalla mita 3 daga murhu, nesa da taga da fanka da ƙofar banɗaki, don tururi ma yana ruɗa ta. Madafa kuwa mai jin zafi ake sa mata, ba mai jin hayaƙi ba. Ki hana kunna turaren wuta da igiyar sauro a ƙarƙashinta. Duk wata a goge ragar da busasshen burushi mai laushi, a danna maɓallin gwaji. Idan kika ji tana ɗan ƙiris-ƙiris lokaci-lokaci, batir ne ya yi sanyi, ba gobara ba. A sauya shi duk shekara, ita kanta kuma in ta cika shekara 10 a sayi sabuwa, ranar ƙira tana rubuce a bayanta.

Ki koya wa mai gadinki abin yi idan ta sake kuka: ya tashi kowa, ya leƙa madafa da wurin tukunyar gas da mita. In ya ga wuta ko hayaƙi mai yawa, ya kashe mita, a fitar da mutane, a buga 118 nan take, kada a jira ki. Kada a watsa ruwa kan mai, ko man suya ne ko fetur ɗin zuwa-zuwa da ake ajiyewa a kwalabe, haka ma wayar lantarki. Ki nemi tukunyar kashe wuta mai hoda ki rataye kusa da ƙofa. Mai kira ya faɗi unguwa da wata alama da kowa ya sani, masallaci ko makaranta ko gidan mai, sannan a tura yaro a kan babur ya tsaya bakin kwalta ya jawo motar. In kuma an riga an kira sai aka gano ba komai, a sake bugawa a gaya musu, su za su yanke ko su ƙaraso su duba ko su juya.