Amsa ga 'yar uwar da ke son fara sana'ar gwal a Kano

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kakanki da mahaifinki haƙar zinare suka yi a Anka, kina tambaya ko wannan gadon zai ishe ki ki fara sayar da sarƙa da 'yan kunne a nan Kano. Mu ma gidanmu masu wankin zinare ne daga Birnin Gwari, kuma na daɗe ina wannan harka a Kasuwar Rimi.

Gadon zai ba ki ido da mutane, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ɗanyen zinare daban, ƙerarre daban. Hajiyar da ta zo haɗa lefe ba ruwanta da ramin da aka haƙo shi, tambayarta ɗan Dubai ne ko ɗan Saudiyya, giram nawa, karat nawa. Karat shi ne ma'aunin tsantsar zinaren. Ki haddace lambobin da ake bugawa a jiki: 750 karat 18 ke nan, 875 karat 21, 916 karat 22. Kada ki tsaya ga hatimin kawai, jabu ma da hatiminsa yake zuwa. Ki goga a dutsen gwajin zinare, ki ɗiga asid, ki ɗora a sikeli a gaban mai shi.

Abin da ya fi karya sababbi shi ne lissafi da naira. Ki riƙa ƙirga jarinki da giram. In kin fara da giram 100, shekara ta zagayo kuɗi sun ninka amma 80 kawai za su saya miki, to faɗuwa kika yi, ko da asusu ya cika. Dala da farashin duniya ne ke juya kasuwar, ribarki ta gaskiya tana cikin kuɗin aiki da ɗan abin da ke tsakanin saye da sayarwa.

Sai bashi. Ƙawaye za su ce ki ba su, sa biya ƙarshen wata. Malamai sun ce cinikin zinare hannu da hannu ne, kuma mai son canjin tsoho da sabo ta fara sayar da tsohon tukuna. Ki fake da wannan, ba mai jin haushinki. Zakka ma ki tuna, nisabi wajen giram 85 ne, hukuncin zinaren sayarwa kuwa ba kamar na wanda mace ke sawa don kwalliya ba ne.

In kuma za ki riƙa karɓo ɗanye daga gida ki ba maƙera, ki nemi lasisin saye daga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya. Kada a daka dutsen zinare ko a ƙona zaibar da ake tace shi da ita a tsakar gida, akwai guba. Ke kin fi ni sanin abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, yara sama da 400 aka rasa.

Ni dai da za ki ji tawa, ki fara zama a shagon wani amintacce, ki soma da zobe da ƙananan 'yan kunne. Su ne ba sa kwana.