Ƙanina mai tambayar ko ya fara Albion, ga abin da ya same ni

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina da ya yi tambaya jiya da daddare, wai abokansa sun matsa masa lamba ya sauke gem ɗin Albion Online ya shigo gild ɗinsu, wato ƙungiyarsu ta cikin gem ɗin, shi kuma yana shekarar ƙarshe a makaranta, wayarsa ram 4 ce, yana so ya ji ko ya fara ko kar ya fara kuma data nawa abin ke ci. Wlh da na karanta sai da gabana ya faɗi, don tambayar nan sak ita na yi wa wani a watan Afrilun 2024 lokacin da aka buɗe sabar Turai, wato sabon filin gem ɗin na yankin Turai, ya ce min ai yanzu ne lokacin shiga tunda kowa daga sifili zai fara, ba wanda ya zo da kayansa daga tsohuwar saba. Na shiga.

Bari in sallame ka kan data tukuna don ba ita ce matsalar ba. Buga gem ɗin kansa bai cin data sosai, abin da ke kwashe ta shi ne ofdet in ya fito, da zaman Discord, manhajar da 'yan gild ke magana a kai, na awa uku huɗu kana sauraron umarni, da bidiyon YouTube da za ka yi ta kallo kana koyon haɗa kaya. Ram 4 za ta yi maka saran itace da haƙar dutse da ɗan shiga kogon dodanni kai kaɗai, amma ranar da aka haɗu mutum ɗari da wani abu a fili ɗaya wayar za ta yi zafi kamar dutsen guga ta daskare, kafin ta dawo an kashe ka an kwashe. Kuma ka san a jan yanki da baƙin yanki, wato wurare masu haɗari na cikin gem ɗin, in ka mutu komai na jikinka ya tafi, sulke, makami, abin hawa, har abin da ke jaka. Netwok ɗinmu kuma ka san halinsa, tsakanin nan da sabar Turai da ma akwai ɗan jinkiri, in hadari ya taso kuwa sai addu'a.

Ni tela ne, shagona na wajen Kasuwar Barci. Da farko abin gwanin daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. In na tashi aiki in ɗan tsinko auduga a cikin gem ɗin, in kai garin Lymhurst in mayar da ita yadi tunda can ne ake samun ƙari a tace auduga, in ɗora wa takarkarina in kai kasuwa in sayar. Kasuwar gem ɗin ta burge ni ƙwarai don kusan duk kayan da ake sawa 'yan wasa ne ke ƙera su, farashi na hawa yana sauka kamar na shadda gab da sallah. Wata guda ina haka lafiya lau ba abin da ya taɓu. Abin ya lalace ne ranar da na shiga gild.

Shugaban gild ɗin ɗan Arewa ne irinmu, Hausa muke yi da shi, shi ya sa na sake da shi. Yana ce min babban yaya, yana tambayar ya mai jiki in yarinyata ba ta da lafiya. Sai aka fara kiran yaƙi kullum ƙarfe 18 agogon UTC, wato bakwai na yamma a nan, kuma sai ka hallara rabin awa kafin lokaci an duba kayanka. Ka lissafa da kanka, magariba kenan zuwa isha'i. Ni da nake sahun gaba a masallacin layinmu na koma mai haɗa salloli ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Gem ɗin nan ba a tsayar da shi ƙanina, wannan shi ne abin da ba wanda ya gaya min. Ba irin na ƙwallo ba ne da za ka danna ka je ka dawo, mutum ashirin na jiranka kai ne mai warkar da su, in ka ajiye waya sun mutu kuma kowa ya yi asarar kayan da ya kwana yana tarawa, gobe ka shiga Discord ka ji ana ambaton sunanka.

Babbar sallar 2024 na karɓi ɗinki kamar yadda na saba, amma rabin hankalina na waya. Akwai wani dattijo da tun ina yaron shago yake kawo ɗinki wajen maigidana, da na buɗe nawa ya biyo ni, ya kawo shadda ta 'ya'yansa maza uku. Daren sallah ya zo karɓa ya tarar biyu ko yanka su ban yi ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ya ɗauki yadin ya naɗe da hannunsa a hankali ya sa a leda, ya ce Allah ya sa mu ga alheri, ya hau mashin ɗinsa. Har yau in ya zo wucewa yana ɗaga min hannu amma ko hula bai ƙara kawo min ba. A satin sallar nan na tace auduga ta fi a ƙirga a cikin waya, ga yadin mutane jibge a kan teburi.

Duk da haka ban daina ba, don shugaban nan ya ce an kusa ba ni muƙami. Wata biyar ina biyan harajin gild daga duk azurfar da na tsinta, wato kuɗin cikin gem ɗin, ina ɗinka wa mutanensa sulken yadi kyauta, kayana masu tsada 'yan T7 da T8, wato na manyan matakai, duk na zuba a akwatin tsibirin gild, wurin ajiyar ƙungiyar, saboda ya ce nan ya fi tsaro kuma ya fi sauƙin rabawa in an yi asara. Sau biyu ma na tura masa kuɗin data daga aljihuna don ya ce yana cikin wani hali. Sai ga duhun watan Oktoba, kun tuna lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna Arewa ta kwana fiye da mako ba wuta. Fetur lita ta haura dubu ɗaya, janareton shago sai in kunna na awa biyu don aiki, wajen masu caji kuwa layi kamar gidan mai. Kwana huɗu ban hau ba. Na tura masa saƙo tun rana ta farko na ce ga halin da ake ciki, kuma shi ma ai ɗan ƙasar nan ne ya sani.

Rana ta biyar na samu caji kashi arba'in, na zauna a bakin shago bayan isha'i na buɗe. Ba sunan gild a saman kaina. Na ɗauka netwok ne na fita na sake shiga, haka dai. Na je in shiga tsibiri aka ce ba ni da izini. Discord an cire ni. Na kira shi a WhatsApp yana shiga ba ya ɗauka, na rubuta masa doguwar magana ina ba shi haƙuri, ni da aka cuta ni ke ba da haƙuri, ya karanta alamar ta yi shuɗi, bayan awa ɗaya ya turo kalma uku, wai doka ce yaya. Daga nan ya toshe ni. Wlh ƙanina na zauna a kan bencin nan cikin duhu hannuna na rawa, ba don kayan ba kawai, don na tuna dattijon nan da sallolin da na wulaƙanta saboda mutumin da ko fuskarsa ban taɓa gani ba. Daga baya wani yaro ɗan Kawo da muke gild ɗaya ya gaya min ba ni kaɗai ba ne, mu biyar aka kora a satin, duk masu kaya a akwati. Na yafe kuɗin data amma wannan kalmar ta yaya da yake kirana da ita har yau tana ci min rai, Allah zai bi mana.

To ni ban ce maka haramun ba ne ko kar ka taɓa, akwai masu bugawa shekara da shekaru kuma harkokinsu na tafiya. Amma kai fa furojet ke gabanka da jarrabawar ƙarshe, me zai hana ka bari sai ka ajiye biro, gem ɗin tun 2017 yake nan ba inda za shi. In kuma ka ƙi ji sai ka shiga, to kayanka su zauna a bankin gari ko tsibirinka na kanka, kar ka ba kowa ajiya ko da ɗan unguwarku ne. Kar ka sa abin da in an kwashe za ka kasa barci. Kar ka sayi azurfa a hannun masu talla a bayan fage, dokar gem ɗin ta hana kuma ana rufe akawun a kan haka, ga 'yan damfara. Firimiyam ma, wato biyan kuɗi don samun ƙarin gata a gem ɗin, kar ka yi gaggawar saye, da zarar ka biya na kwana 30 sai ka ji duk ranar da ba ka hau ba kamar kuɗinka ne ke zubewa, da dala kuma ake lissafinsa, ga yadda naira take.

In sha'awar irin wannan duniyar ce kawai ke damunka, Old School RuneScape ya fi sauƙi a ƙaramar waya kuma yawancinsa kai kaɗai za ka yi abinka ba mai kiranka yaƙi. World of Warcraft da Final Fantasy XIV manyan gem ne masu kyau amma sai da kwamfuta mai ƙarfi, ko na'urar gem irin PlayStation in na biyun ne, na farkon ma duk wata sai ka biya kusan dala 15, ɗalibi ina zai kai wannan.

Abokan naka kuma ka tambaye su tun kafin ka sauke, ƙarfe nawa ake kiran yaƙi a gild ɗin, sau nawa a sati dole, kuma me ake yi wa wanda ya yi sati bai hau ba saboda jarrabawa ko rashin wuta. Ka ce su nuna maka a rubuce a Discord ɗinsu, kar ka yarda da ai ba komai. Ni da na yi wannan tambayar a watan Mayu da shaddar yaran dattijon nan ta fita a kan lokaci. Yanzu ma da nake rubuta maka akwai kaftani biyu da zan kai wa mai aiki a Tudun Wada kafin la'asar, in da abin da ban taɓo ba ka sake tambaya a nan zan duba da daddare in sha Allah.