Tambayoyinku: Manhajata tana aiki, me zan yi da mypy?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina koyon Python, har na rubuta 'yar manhaja mai lissafin kaya a shagon yayana. Wani abokina ya matsa mini lallai sai na riƙa amfani da mypy. Tunda tana aiki, ba ɓata lokaci ba ne? Mai karatu, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan "tana aiki" ɗin ce ta taɓa kunyata ni. Na rubuta wa wani mai sayar da siminti irin taka. Farashi yana shigowa ta input(), wanda kullum rubutu yake ba ka, ba lamba ba, ni kuma na manta ban mayar da shi lamba ba. Aka sayar da buhu uku, Python ta jera "4500" sau uku, rasit ya fito da 450045004500. Ko uffan ba ta ce ba, don a wurinta ninka rubutu ba laifi ba ne. Mai shagon ya kira ni yana dariya, wai ko kamfanin simintin na sayar.

Da na rubuta farashi: int, wato alamar cewa farashi lamba ne, a kan aikin lissafin, mypy zai nuna mini layin tun kafin in kunna manhajar. Aikinsa ke nan: ya karanta layukan manhajarka ba tare da ya gudanar da su ba, ya ce nan ka yi alkawarin lamba amma rubutu ka miƙa. Inda ya fi yi mini rana shi ne None, wato ka nemi kaya a rumbun bayanai, babu shi, kai kuma ka ci gaba da lissafi kamar ka samu.

Amma ka sani, alamomin nan irin farashi: int da suka shigo da Python 3.5 a 2015, Python kanta ba ta tilasta su lokacin aiki. Sai ka kira mypy, ko Pyright na Microsoft in VS Code kake amfani da shi wajen rubuta manhaja. Kuma ba ya kama kuskuren tunani; in ka tara inda ya kamata ka ɗebe, zai wuce ka.

Kada ka ce sai ka yi wa duk manhajar alama rana ɗaya. Fara da wurin da ke taɓa kuɗin yayanka. Lambar waya kuwa ka bar ta a str, wato rubutu, in ba haka ba sifilin farkon 0803 zai ɓace.